Moodle, Google Classroom ko zauren WhatsApp: a ina malami zai kafa ajinsa?

Wata abokiyar aikina, wadda ba ta daɗe da fara koyarwa a jami'a ba, ta miƙo mini wayarta wata safiya ta ce, "Malam, don Allah duba wannan, ka faɗa mini ta inda zan fara." A daren da ya gabata ne wa'adin jingar da ta bai wa ɗalibanta ya cika, kuma a zauren WhatsApp na ajin ta ce su turo. Na ja allon wayar, na sake ja, saƙonni suka ƙi ƙarewa. Wannan ya turo fayil, wancan ya ɗauki hoton takardar da ya rubuta da hannu shafi-shafi, inuwar wayarsa ta rufe rabin layukan, wani kuma ya turo sau uku don bai tabbata na farkon ya shiga ba. Fayiloli da yawa sunansu ɗaya, babu sunan ɗalibi, babu lambarsa. A tsakiyarsu ga gaisuwa, ga mai tambayar ko akwai lakca gobe, ga wani da ya rubuta, "Malama, wallahi tun shekaranjiya na turo, ki duba sama." Sai da ta kwana biyu tana tattara aikin mutane kafin ta fara karanta ko guda.

Tun daga ranar, duk sanda malamin jami'a ko ɗalibin da ke koyon aikin malanta ya tambaye ni wace manhaja ce ta fi, nakan mayar masa da tambaya: ta wace ƙofa aikin ɗalibinka zai shigo, kuma ta wace ƙofa gyaranka zai koma masa? Raba takardun karatu kowace manhaja tana yi, ko imel ma ya isa. Inda suke rabuwa shi ne wajen karɓar aiki, da gyara shi, da ajiye shaidar cewa an yi. Da wannan ma'aunin zan auna guda ukun da malamai suka fi kai-komo a tsakaninsu.

Zauren da kowa ya riga ya shiga

Ba na cikin masu raina WhatsApp. Jan Koum da Brian Acton ne suka ƙirƙire shi a 2009, Facebook ya saye shi a 2014, kuma don hira aka gina shi. Amma yana da abin da sauran biyun ke nema ido rufe: ɗalibai suna cikinsa tun kafin ka zo. Ba sai ka koya wa kowa shiga ba, babu kalmar sirrin da za a manta, saƙo kuma yakan lallaɓa ya wuce ko da sabis ya yi rauni. Idan aka sauya ɗakin lakca saura minti 20, babu abin da zai kai labari da sauri kamar shi. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, fayil kuma har mai nauyin gigabait 2. Adimin yana iya rufe zaure ya zama shi kaɗai ke magana, yana kuma iya buɗe ƙuri'a ya ji ranar da ta fi wa ɗalibai sauƙi.

Abin da na fi ƙauna a cikinsa shi ne saƙon murya. Malami ya gama duba jinga, ya ga kuskure guda ya maimaitu a wurin mutum 40, sai ya ɗauki minti biyu ya yi bayani da bakinsa. Ɗalibi yana jin muryar malaminsa, ya san inda aka jaddada, ya kuma saurara sau nawa yake so. Malamin harshe da ke koyar da furuci ba zai samu abin da ya fi wannan sauƙi ba.

Sai dai WhatsApp kogi ne, abin da ka jefa yau gobe ya yi nisa. Takardar da ka tura a makon farko, zuwa mako na bakwai tana ƙarƙashin dubban saƙonni. Ɗalibin da ya yi rajista a makare ba ya tarar da duk abin da aka tura kafin zuwansa, sai ya bi abokai yana roƙo. Fayilolin kuma a wayoyin mutane suke zaune: waya ta cika a goge, ta ɓata ko ta lalace, in ba a ajiye kwafi ba shi ke nan. Ga kuma abin da ya fi damuna. Duk wanda ya turo jingarsa a zaure, ajin gaba ɗaya ya gani, wanda bai yi ba ya samu abin kwafa a sama. In kuwa ka ce kowa ya turo maka kai tsaye, ka buɗe wa ɗaruruwan mutane ƙofar ɗakinka, ƙarfe ɗayan dare ma saƙo zai shigo. 'Yan zaure suna ganin lambobin juna, kuma na ga ɗalibai mata da suka fice daga zauren aji saboda wasu sun kwashi lambobinsu suna damun su. Wadda ta fice ta rasa sanarwar aji ba da laifinta ba. Ranar da ɗalibi zai yi ƙorafin makinsa a gaban kwamiti kuwa, hoton allon waya ba hujja ba ce mai ƙwari.

Wasu malaman sukan koma Telegram, wanda 'yan'uwa biyu, Pavel da Nikolai Durov, suka fito da shi a 2013. Ya toshe wasu daga cikin ramukan nan. Zaurensa yana ɗaukar har mutum 200,000, fayiloli suna zaune a kwamfutocin kamfanin don haka ba sa tafiya da waya, sabon shiga yana iya ganin abin da ya wuce in adimin ya bari, ɗalibi yana iya ɓoye lambarsa, akwai kuma ƙuri'ar da ke nuna amsar daidai. A matsayin rumbun ajiye takardu ya fi WhatsApp nesa ba kusa ba. Amma shi ma bai san abin da ake kira wa'adi ba, bai san wanda ya miƙa da wanda bai miƙa ba, ba shi da kundin maki.

Google Classroom: ajin da ake ginawa a yammaci ɗaya

Google ya fito da Classroom a watan Agustan 2014 don makarantu, a 2017 kuma ya buɗe shi ga masu asusun Gmail na kansu. Duk malamin da ya iya aika imel zai iya koyon sa kafin rana ta faɗi. Ka buɗe aji, ya ba ka 'yar lambar shiga, ka rubuta ta a allo, ɗalibai su shigo. Ka jera darussa mako-mako ko babi-babi, ka sa wa kowane aiki wa'adi.

Ƙarfinsa yana wuri guda, wurin kuwa shi ne daidai inda abokiyar aikina ta sha wahala. Ka rubuta takardar aiki a Google Docs, ka zaɓi a yi wa kowane ɗalibi kwafinsa, nan take kowa ya samu tasa ɗauke da sunansa. Idan ya miƙa, ba zai iya sake taɓa ta ba sai ka mayar masa ko shi ya janye ta, kuma janyewar za ka gani. A shafi ɗaya kana ganin wanda ya miƙa, wanda ya makara, da wanda bai yi ba sam. Ka buɗe aikin ɗalibi, ka ja layi a kan jimlar da ta karkace, ka rubuta masa gyara a gefe, shi kaɗai zai gani. Gyaran da kake yawan maimaitawa kana iya ajiye shi ka riƙa ɗaukowa. Ga malamin adabi, ko tarihi, ko shari'a, ko duk wani fannin da rubutu ne jigonsa, wannan tafi-da-dawo tsakanin ɗalibi da malami shi ne koyarwar kanta, kuma ban ga inda ake yin sa cikin sauƙi kamar a nan ba.

Akwai wata riba da ta ƙara daraja tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke iya rubuta wa ɗalibi aikinsa, a ƙarshen 2022. Google Docs yana ajiye tarihin yadda takarda ta girma. Rubutun da aka gina cikin kwana huɗu, ana gogewa ana sakewa, kamanninsa daban da wanda ya faɗo shafi biyar lokaci guda da tsakar dare. Wannan ba hujjar hukunta kowa ba ce, don mutum yana iya rubutawa a wani wuri ya kwafo. Amma dalili ne na kiran ɗalibi a zauna a ce, "Yi mini bayanin sakin layin nan da bakinka."

To ina rauninsa? Na farko maganar asusu ce, kuma malamai da yawa ba sa lura da ita sai sun yi nisa. Idan ka je buɗe aji da Gmail ɗinka na kanka, Google zai sa ka tabbatar cewa ba a makaranta kake amfani da shi da ɗalibai ba, don makarantu ana so su yi rajistar Google Workspace for Education. Ajin asusun kai yana tsayawa a mutum 250, na asusun makaranta yana kaiwa 1,000. Wurin ajiyar kyauta na asusun kai gigabait 15 ne, kuma imel da hotuna da Drive duk a cikinsa suke rabo. Saboda haka kafin ka ɗora komai, je ka tambayi sashen kwamfuta ko makarantarku tana da rajistar. Sannan ka shirya wa wata 'yar matsala da ke cinye makon farko: ɗalibi yana da asusu biyu a wayarsa, ya shiga aji da ɗaya, ya buɗe fayil da ɗayan, a ce masa ba shi da izini.

Na biyu, gwajinsa bai yi zurfi ba. Da Google Forms ake yi, yana duba tambayoyin canki-canka da kansa, yana kuma iya hautsina jerin tambayoyi da na amsoshi. Amma tambayoyin guda ne kowa ke gani, don haka wanda ya fara gamawa ya riga ya san jarrabawar kowa. Na uku, muhawara tsakanin ɗalibai ba ta da wurin zama mai kyau, sharhi ne kawai a ƙarƙashin sanarwa. Na huɗu, gidan ba naka ba ne. Abin da Google ya sauya ya sauyu, ba za ka ce a bar maka yadda ka saba ba.

Moodle: mai wuyar shiga, mai faɗin ciki

Wanda ya ƙirƙiri Moodle, Martin Dougiamas, ya tashi ne a wani yanki mai nisa na yammacin Ostareliya, inda ya yi karatun farko ta rediyo saboda babu makaranta kusa. Ya fitar da sigar farko a 2002. Nakan tuna wannan tarihin idan ina aiki da shi, don an gina shi ne da tunanin ɗalibin da malaminsa ba ya kusa. Manhaja ce ta kyauta wadda lambobin gininta suke a buɗe, kowace makaranta tana iya sauke ta ta ɗora a babbar kwamfutarta, wadda ma'aikata ke kira saba. Bayanan ɗalibai da makinsu suna zama a hannun makarantar. Babbar jami'ar karatu daga nesa ta Birtaniya, Open University, da shi take aiki.

Inda Moodle ya yi wa sauran fintinkau shi ne gwaji, kuma a nan zan daɗe, don malamai da yawa suna ɗaukar gwaji a matsayin hanyar ba da maki kawai. A 2006 wasu masana ilimin halayyar ɗan Adam, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun wallafa wani bincike: ɗalibai suka karanta wani rubutu, wasu aka sa su sake karantawa, wasu aka sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, waɗanda aka gwada sun fi tunawa. Ƙoƙarin zaƙulo abu daga ƙwaƙwalwa shi ke kafe shi. Ma'ana, gajeren gwaji kowane mako, mai maki kaɗan ko ma babu maki, yana daga cikin mafi amfanin abin da malami zai yi wa ajinsa. Amma wa zai duba takarda 400 kowane mako da hannu?

A Moodle kana gina rumbun tambayoyi, ka raba su gida-gida bisa babi da kuma wuya. Ka ce a ɗebo wa kowane ɗalibi tambaya 10 daga cikin 60, sai ka ga biyun da ke zaune kafaɗa da kafaɗa kowa da tasa. Ka sa agogo, ka faɗi sau nawa za a iya gwadawa, ka rubuta bayanin da zai fito wa wanda ya zaɓi amsar kuskure, don ya san inda tunaninsa ya kauce. Malamin lissafi ko fizik yana da wata garaɓasar: tambaya ɗaya ce, ta neman saurin motar da ta yi tafiyar kaza cikin lokaci kaza, amma kowane ɗalibi da nasa alƙaluman. Hanyar warwarewa ɗaya, amsa daban-daban, wanda ya kwafi amsar maƙwabci ya faɗi. Bayan an gama kuma Moodle yana auna tambayoyin kansu: wacce kowa ya ci, wacce kowa ya faɗi, da wacce haziƙan aji suka faɗi alhali masu rauni sun ci. Irin ta ƙarshen nan kusan kullum laifin na tambayar ne.

Bayan gwaji akwai dandalin muhawara na gaske, inda kowace magana ke da reshenta, har kana iya hana ɗalibi ganin amsar wasu sai ya rubuta tasa. Akwai tsarin da ɗalibai ke duba aikin junansu bisa ma'aunin da ka gindaya. Kana iya raba babban aji zuwa ƙananan rukunai, ka kulle darasi na biyu sai an gama na farko, ka ce jinga kashi kaza ce gwaji kashi kaza, kundin maki ya haɗa lissafin ka fitar da shi zuwa Excel. Yana rubuta lokacin da kowa ya shiga da abin da ya buɗe, saboda haka "wallahi na turo" tana da inda za a duba ta. Idan zango ya ƙare, ka naɗe kwas ɗin gaba ɗaya a fayil guda, baɗi ka warware shi ka gyara.

Ga masu fama da raunin intanet, abubuwa biyu ne suka sa nake jinjina masa. Manhajarsa ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darussa inda ya samu sabis, ya karanta inda babu, abin da ya yi kuma ya tafi idan sabis ya dawo. Sannan da yake sabar tana iya zama a cikin makaranta, ɗalibai suna iya shiga ta layin cikin gida ko da intanet na waje ya yanke. Google Classroom ba zai taɓa zama a kwamfutar makarantarku ba.

Wahalarsa kuma ba ƙarama ba ce, ba zan ɓoye ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: malami shi kaɗai ba zai riƙe Moodle ba, sai da ma'aikacin da zai kula da sabar, ya sabunta manhajar, ya ajiye kwafi, ya buɗe wa ɗalibai asusu, ya sake wa masu mantuwa kalmar sirri. Idan sabar ƙarama ce, ɗalibai ɗaruruwa suka danna fara gwaji a minti guda, tana iya durƙushewa, ranar kuma malamin ne zai sha kunya a gaban ajinsa. Shafin saita gwaji ɗaya yana da zaɓuɓɓukan da za su sa sabon shiga ya rufe kwamfuta ya tashi. Sigar 4.0 da ta fito a 2022 ta gyara fuskarsa sosai, amma har yanzu sai an zauna an koya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawan kwasa-kwasan Moodle da na buɗe na tarar babu komai sai tarin fayilolin PDF. Wanda zai tsaya a nan bai ci ribar wahalar da ya sha ba, da zauren Telegram ya buɗe da ya huta.

Maganar lakca ta bidiyo kai tsaye ba zan ja ta ba, don ba ita ke raba gardamar ba. Classroom yana tafiya da Google Meet, Moodle yana da BigBlueButton, Zoom kuma yana shiga ko'ina. A 2020, lokacin da rufe makarantu saboda annobar korona ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6 a ƙididdigar UNESCO, malamai da yawa sun kwashi lakcar awa biyu yadda take suka zuba a Zoom, ɗalibai suka ƙona data suna kallon fuskar da ke daskarewa. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi a 2014 kan bidiyoyin edX, wani dandalin karatu ta intanet, ya nuna cewa kallo yana raguwa sosai idan bidiyo ya wuce minti shida. Gajeren bidiyo a kan batu ɗaya, wanda za a sauke a kalla daga baya, da tambaya uku a bayansa, ya fi amfani a duk manhajar da ka zaɓa.

Mai koyon malanta lissafinsa daban

Malamin jami'a ya san ajinsa da makarantarsa. Mai koyon malanta bai san inda za a tura shi ba, bai san abin da zai tarar a can ba. Don haka abin da zai fita da shi ya kamata ya wuce sanin maɓallan manhaja guda. A 1986 masanin ilimin koyarwa Lee Shulman ya ja hankali cewa sanin fanni daban, sanin yadda ake koyar da wannan fannin daban. A 2006 Punya Mishra da Matthew Koehler suka ƙara sanin fasaha a kai, tsarin da ake kira TPACK, suka ce ƙwarewar tana wurin da ukun suka haɗu.

Ga yadda abin yake a aikace. Yara da yawa suna ɗaukar 1/8 ya fi 1/4 girma, saboda 8 ya fi 4. Ɗalibar malanta da ta san wannan, idan za ta rubuta tambayar canki-canka, za ta sa amsar kuskuren da za ta kama wannan tunanin daidai, ta kuma rubuta bayanin da zai fito wa yaron da ya faɗa ciki. Wadda ta iya manhaja kawai za ta cika gurbi da amsoshin da babu yaron da zai zaɓa, gwajin ya fito da kyau a ido bai gaya mata komai ba. Wannan ƙwarewar tana bin mutum ko Forms ya tarar, ko Moodle, ko allo da alli.

Shi ya sa ba na son bitar yini ɗaya da ake tara mutane a nuna musu danna nan, danna can. Kowa ya zo da darasin da zai koyar da gaske, a ba shi matsayin malami, ya gina mako guda cikakke: abin karantawa, aiki, gwaji. Abokansa su shiga a matsayin ɗalibai, ta wayoyinsu, don a waya yawancin ɗalibai za su gani, kuma takardar da ta yi kyau a kwamfuta takan zama abin tausayi a ƙaramin allo. Sannan ya duba aikinsu ya mayar da gyara. Da Classroom nake so su fara, don nasarar farko tana zuwa da wuri, ta ba su ƙwarin gwiwa. Kafin su gama karatu kuma lallai su gina rumbun tambayoyi a Moodle ko sau ɗaya ne, ma'aikacin saba yana iya buɗe wa kowannensu kwas na gwaji.

Gargaɗi ɗaya gare su ba na sassautawa a kansa. Wanda aka tura koyarwar gwaji a makarantar yara kada ya buɗe zauren WhatsApp da ɗalibansa, kada ya karɓi lambobinsu. Ya bi hanyar da makarantar ta amince da ita, da sanin shugabanta da iyayen yara. Kariya ce ga yaran, kariya ce gare shi.

To wanne za ka ɗauka?

Idan makarantarku tana da Moodle mai aiki da wanda ke kula da shi, kuma ajinka babba ne, ko fanninka na lissafi da kimiyya ne, ɗauki Moodle ka jure wahalar watan farko. Idan ajinka matsakaici ne, aikin ɗalibanka rubutu ne, makarantar kuma tana da rajistar Google, Classroom zai ba ka kusan duk abin da kake buƙata da rabin wahala. Idan makarantar ta riga ta tsayar da wani dabam, Canvas ko Blackboard ko Microsoft Teams, bi nata, don ɗalibin da ke ɗaukar kwas takwas bai kamata ya riƙe ƙofa takwas ba. Idan babu ko ɗaya, Telegram don ajiye takardu, jinga kuma a karɓa a takarda ko ta wata hanyar da ba a gaban kowa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kada ka raba darussa rabi nan rabi can. WhatsApp kuwa a bar shi a bakin ƙofa yana sallama: sanarwa, tunatarwa, gajeren saƙon murya, da mahaɗin da zai kai ɗalibi inda aikin yake.

Abokiyar aikin nan tawa, da muka bincika, ashe akwai Moodle a makarantar, kwas ɗinta ma yana ciki babu kowa. Na ce mata kada ta taɓa komai a zangon sai abu ɗaya, karɓar jinga. Ta rubuta a zauren ajin, ta maƙala saƙon a sama: nan wurin sanarwa ne da tambaya, jinga kuwa a Moodle kaɗai za a karɓa. Makon farko ya yi zafi. Ta zauna da wakilin aji da jerin sunayen waɗanda suka kasa shiga, suka bi su ɗaya bayan ɗaya. A zango na biyu ta ƙara gwajin tambaya goma duk ƙarshen mako.

Rannan ta sake shigowa, wannan karon da kwamfuta a hannu. Ta ce, "Malam, tambaya ta bakwai ce ta ɗaure mini kai. Waɗanda na san sun fi kowa ƙoƙari su ne suka faɗi." Muka buɗe tambayar muka karanta a hankali. Amsoshi biyu ne daidai a ciki, ita ɗaya ta sa wa maki, masu zurfin karatun kuma ɗayar suka zaɓa. Ta gyara, ta danna a sake lissafi, makin ajin gaba ɗaya ya daidaita kafin ta tashi daga kujera. Sannan ta ɗauki wayarta ta yi wa zauren saƙon murya, tana bayyana musu dalilin da ya sa amsoshin biyu duk suka yi.